Har a Kabari Bukar Yana Gabana

Shekara goma ke nan da muka kai Malam Bukar makwancinsa, kuma har yau ban huce ba. Na san abin da aka saba rubutawa a irin wannan shafi: a ce marigayi mutumin kirki ne, a jero halayensa, a yi masa addu'a, a rufe. Duk zan yi, don ya cancanta. Amma ni ba ɗalibinsa ba ne, abokinsa ne na sama da shekara talatin, kuma aboki yana da abin faɗa wanda ɗalibi ba shi da shi. Ina kishin Bukar. Na yi kishinsa yana raye, na zaci mutuwa za ta raba gardama, sai ga shi mutumin yana kwance abinsa yana ci gaba da shan gabana.

Abin da ya fama mini wannan tsohon miki shi ne haihuwar da aka yi a gidana na Pantami makon jiya. 'Yata ta fari ce ta zo wankan gida, bayan shekarun da ta yi tana jiran rabo, Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji. Washegari mijinta, Nuhu, ya zo ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ku za ku yi masa huɗuba. Duk sunan da kuka sa, mu namu amin ne." Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, yayyensa kuma sun riga sun mayar da sunan a gidajensu, don haka babu mai jiran komai daga ɓangarensu. Girmamawa ce babba, na sani. Amma shi da matar tasa duk ta hannun Bukar suka bi, kuma ko makaho ya san sunan da ke ransu. Ni kuwa 'ya'yana duk mata ne, jikokin da suka riga shi zuwa su ma mata, ga shi na haura sittin. Sunana Umaru, ko da yake Malam Jalo kowa ke ce mini, kuma babu ko yaro ɗaya a duniya da aka sa wa sunan nan saboda ni. Ga zaɓi an ɗora mini a cinya: ko Umaru, ko Abubakar.

Bari in koma baya saboda wanda bai san mu ba. Ni da Bukar a kwalejin horar da malamai muka haɗu. Shi Babarbare ne, fatauci ya kawo iyayensa Gombe, ni kuma Bafulatani. Ranar farko ya kalle ni sama da ƙasa ya ce alhamdu lillahi, ya samu bawan da zai riƙa ɗebo masa ruwa. Na ce masa tun da aka kafa duniya Babarbare ne ke ɗaukar wa Bafulatani buta. Shi ke nan, muka ƙulle. Tare muka gama, tare muka ƙaro karatu, aka kuma tura mu sakandare ɗaya ta gwamnati muna koyar da Kemistiri, wato kimiyyar sinadarai. Kada wani ya zaci ya fi ni sani. Bai fi ni ba, shi ma ya san haka. Alli ɗaya muke karyawa biyu, littafi ɗaya muke dubawa. Amma da an kaɗa ƙararrawa, ajina tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, nasa kuwa tun daga ƙofar makaranta kana jin dariya.

Ɗauki maganar zoɓon nan da duk wanda ya zauna a ajinsa yake ba da labari. Akwai shekarar da 'yar takardar da ake tsomawa a gane asid ta ƙare ƙaf a ɗakin gwaje-gwajenmu, aka yi ta alkawarin za a kawo. Ni ne, ni Jalo, na zauna a gida na jiƙa zoɓo na raba shi a kofuna. Na matsa lemun tsami a ɗaya, ya ƙara ja wur. Na jefa kanwa a wani, ya rikiɗe ya yi kore mai duhu. Na kwaso kofunan na nuna wa Bukar a ƙarƙashin darbejiyar da muke shan shayi, ya yi ta tsalle sai ka ce yaro. Ni na ce bari in gwada shi sau da yawa, in tsara shi tsaf kafin in kai aji. Shi kuwa washegari sai ga shi da tulun zoɓo a kafaɗa, ga tsamiya, ga ƙwaryar nono, ga toka a leda. Ya sa yara suka yi ta zubawa suna ihu, da aka tashi kuma suka shanye wanda ba a taɓa ba. Daga ranar abin ya zama "zoɓon Malam Bukar". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gaskiya ɗaya ce, duk ajin da ya shiga sai ya ce, "Bawana Jalo ne ya gano wannan." Yara su yi dariyar "bawana", su manta da sauran maganar. Da ma ɓoyewa ya yi, da na samu dalilin yin fushi mai kyau. Ko wannan bai bar mini ba.

Sai babbar maganar, wadda ita ce ta biyo ni har cikin gida. Duk mai koyar da darasin asid ya san inda yara ke tuntuɓe. Kana rubuta musu a allo: HCl, wanda Allah ya sa a cikin kowa don narkar da abinci, H₂SO₄, ruwan batir, mai huhhuda wandon masu caji, HNO₃, da ake haɗa takin zamani da shi, H₂CO₃, na cikin lemun kwalba mai gas. Yaro ya duba ya ga kowanne da H a gaba, wato haidirojin, sai ya yanke hukunci cewa duk inda H yake asid ne, kuma wanda ya fi yawan H shi ya fi zafi. Alhali ba haka ba ne. Asid shi ne abin da in ya shiga ruwa yake sakin H ɗinsa. Wannan H da aka saki shi ne harshe ke jin tsaminsa, shi ke ƙara wa zoɓo ja, shi ke cin ƙarfe. Wanda ya zauna daram ba ya cikin lissafi. Sukari, C₁₂H₂₂O₁₁, H ashirin da biyu gare shi, amma wa ya taɓa jin tsamin sukari? Sodar da mata ke dafa sabulu da ita, NaOH, ita ma da H ɗinta, kuma ita ce ma mai kashe asid. Inda kowa ke faɗuwa kuwa shi ne khal, ruwan tsamin nan na kwalba da ake ɗigawa a salak, CH₃COOH. A tambayi yaro H nawa yake saki, sai ya ƙirga da yatsa ya rubuta huɗu. Amsar ɗaya ce, na ƙarshen nan kaɗai.

Ni haka nake koyar da shi, dalla-dalla, da Turanci mai kyau, kuma duk abin da na faɗa daidai ne. Bukar kuwa sai ya shiga aji ya ce, "Yara, H Bafulatani ne." Ya ce akwai na daji, wanda da ya hango ruwa sai ya saɓa sanda ya bar gida, ko waiwaye babu. Irinsa ne a cikin HCl: shi kaɗai ne, amma ba ya tsayawa sallama, shi ya sa asid ɗin ke da zafi. A ruwan batir su biyu ne, wan ya fita, ƙanen ya bi sawu. Khal kuwa gida ne na Fulani huɗu. Uku sun zama 'yan gari, sun manne wa C, sun buɗe shago a kasuwa, ko kukan saniya ba sa ganewa. Na huɗun ne kawai, wanda ke zaune a bakin ƙofa kusa da O, yake fita, shi ma sai ya yi ta jan ƙafa, shi ya sa ake zuba khal a abinci a zauna lafiya. Daga nan sai ya rubuta sukari, ya ja dogon numfashi, ya ce, "Waɗannan ashirin da biyun kuwa duk irin Malam Jalo ne. Ga su nan tuli, ga tsafta, ga kwarjini, amma ko ɗaya ba ya fita." Aji ya ɗauki shewa, ni ina ajin da ke jikin nasu ina ji ta bango.

Na same shi na ce misalinsa yana yoyo. A sukarin ma ai akwai H da ke zaune kusa da O, kuma ba sa fita, don dalilin ya wuce labarin Fulani da ruwa. Ya ce, "Jalo, bari su shiga ɗakin tukuna, kai sai ka nuna musu inda yake yoyo." Har gobe ina kan bakana, misalin bai cika ba. Amma ban taɓa ganin ɗalibin Bukar da ya sake rubuta huɗu ba.

Yanzu ga inda abin ya fi ciwo. Mai karatu zai lura ban ambaci sunan 'yata ba. Ba mantuwa ba ce. 'Yar fari ce, kuma a gidan da na tashi uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya wasa da shi, in an yabe shi ma sai ya kawar da kai. Pulaku ke nan, kunyar Fulani, kuma ni ba a littafi na karanta ta ba, a nono na sha. Mahaifina har ya koma ga Allah "kai" yake ce wa babban yayanmu, kuma babu wanda ya ce ba ya son sa. To haka na riƙe ta: "ke", ko "yarinyar nan". Har ta girma ta yi aure, sau ɗaya tak sunanta ya taɓa fita daga bakina, a kunnenta, ranar da na yi mata huɗuba. Bukar kuwa, da Allah bai ba shi haihuwa ba, babu abin da ya ɗaure masa baki. Tun tana rarrafe yake shigowa gidana yana ƙwala mata kira tun daga zaure, ya ɗora ta a wuya ya kai ta sayen alewa. Sunan da na zauna na zaɓa da kaina, shi ne yake more shi safe da yamma.

Da ta shigo makarantarmu ta kai ajin kimiyya, ni da ƙafata na je na roƙi a sa ta a ajinsa, don ba zan iya tsayawa gaban yara ina haɗa ido da ita ba. Amma a gida na so in taimaka. Ina da ƙaramin allo a tsakar gida. Sai in ce wa uwarta ta turo mini yarinyar nan, in tsaya ina fuskantar allo, in yi bayani tiryan-tiryan ba tare da na juyo ba, in tambayi allon, "H nawa khal ke saki?" Sai in ji murya can ƙasa-ƙasa a bayana, "Huɗu." In sake bayani daga farko. Washegari kuma huɗu. Yarinya mai ƙwaƙwalwa, amma in ina wurin sai kanta ya kulle. Rannan da la'asar ina cikin ɗakina, ba ta san na dawo ba, sai na ji ta shigo da gudu tana dariya har da riƙe ciki, tana ce wa uwarta, "Inna, ɗaya ne! Ɗaya ne ke fita! Baba Bukar ya ce Baba H ɗin sukari ne!" Uwar ma, maimakon ta kwaɓe ta, sai ta taya ta. Ban taɓa jin wannan dariyar daga bakinta a gabana ba. Na rasa ko murna zan yi ko takaici, kishi kuwa ya sa shayin da ke gabana ya huce ban sha ba.

Malamai sun ce hassada ita ce ka so ni'imar wani ta gushe. To ni ban taɓa son Bukar ya rasa komai ba, Allah ne shaida. So nake in samu irin nasa, balle da yake rabin nasan daga gidana ya ɗebo. A nuna mini uban da ba zai ji abin da na ji ba.

Ciwon nasa bai ja lokaci ba. Hawan jini ne ya kayar da shi ana tsakiyar zangon karatu, kafin mu gama cewa jiki da sauƙi, rai ya yi halinsa. Ranar jana'izarsa na ga abin da ban taɓa gani ba a kan malamin makaranta. Ga likitoci, ga masu shagon magani, ga 'yan acaɓa, ga wasu tsofaffin ɗalibai daga kudancin jiha da ba sa sallarmu, sun tsaya a gefe suna share hawaye. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, rabin rayuwata nake sawa a ƙasa. Amma ko a wannan hali, da na fito na ɗaga kai na ga taron, wani abu ya raɗa mini: kai fa Jalo, wa zai zo taka? Na yi a'uziyya, tambayar ba ta tafi ba. A zaman makoki 'yata ta yi kukan da sai da mata suka riƙe ta. Na tambayi kaina ko akwai ragowar hawayen da ta ajiye mini.

In na fita da yamma nakan yi tunanin me zai ce da ya ga Gomben yau. Gabukka da muke zuwa duba gonar wani abokinmu, yanzu gidaje ne har inda ido ya tsaya. Rufin gidaje ya cika da farantan sola, da batir a ƙarƙashinsu, kuma na tabbata da yana nan da ya bi gida-gida yana gaya wa matan aure cewa Fulani biyu ne ke ba su wuta. Yara sun daina tambayar malami, waya suke tambaya, Hausar tasu ma rabi Turanci ce. Ni abin haushi yake ba ni. Shi na san ba zai ji haushi ba, da tuni ya sayi wayar ya kutsa ciki da tulun zoɓonsa.

To ai ma ya kutsa. 'Yata yanzu ita ma Kemistiri take koyarwa a wata makarantar 'yan mata ta wajen Barunde. Bara wata ɗalibarta ta ɗauke ta bidiyo tana darasin asid, abin ya yi ta yawo har ya iso wayar wani maƙwabcina, ya kawo mini da murnarsa bayan azahar. Na karɓa na sa tabarau. Ga ta nan da kofunan zoɓo a jere, tana cewa H Bafulatani ne, tana saɓa rula a kafaɗa a matsayin sanda, hatta yadda take jan numfashi kafin ta rubuta sukari nasa ne. A ƙarshe ta ce, "Haka malamina, marigayi Malam Bukar, ya koya mana. Ku sa shi a addu'a." Malamina! Yarinyar da ubanta ya shaƙi ƙurar alli har ya yi ritaya. Zoɓona ne a kofin, jinina ne a jikinta, ni ne ma a cikin barkwancin, don ba ta cire shi ba, cewa ta yi "duk irin babana ne", 'yan mata suka kwashe da dariya. Maƙwabcin ya ce, "Malam, ka yi dace da 'ya." Na ce alhamdu lillahi, na miƙa masa wayarsa.

Saboda haka da Nuhu ya bar mini zaɓin nan, na shiga wurin maiɗakina, Hajiya Dudu, na ce ni fa Umaru zan sa, wanda ya ji haushi ya jiƙa kanwa ya sha. Bukar ya ci zoɓo, ya ci ɗalibai, ya ci jana'iza, ya ci waya, sunan jikana kuma sai in ɗauka in miƙa masa? Tana tankaɗen garin kunun mai jego, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, bidiyon nan ka kalle shi duka kuwa?" Na ce na kalla. Ta ce, "To bayan labarin Fulanin, da ta ce wa yara misalin nan yana da iyaka, ta juya musu baya tana yi wa allo bayani, tsayuwar wa ta yi?" Tsayuwata ce. Ɗazu na tsallake muku wannan wurin ne don haushi, amma na gani, na kuma gane kalmomina ɗaya bayan ɗaya, waɗanda na zaci iska ce ta kwashe a tsakar gida. Na ce to me ya hana ta ce nawa ne? Ta ce, "Wa ya koya mata shiru? Kai ka taɓa kiran sunanta da za ta tsaya gaban mutane ta yabe ka?" Na juya na fita. Hajiya in ta samu gaskiya ba ta san sassauci ba.

Da yamma Ya Falmata, matar Bukar, ta zo barka. Ta tsufa, ta faɗa, amma ƙamshin turaren Barebari na nan bai bar ta ba. Da za ta tafi ta tsaya a zaure muka gaisa. Ba ta roƙe ni komai ba, ba ta ma san an ba ni zaɓi ba. Ta dai ce yaron uwarsa ya ɗebo, sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Malam Jalo, ka san abokinka har ya rasu yana kishinka? In ya dawo daga gidan nan sai ya zauna ya yi jugum, ya ce, 'Falmata, ni aro nake yi. Duk kiran da zan yi mata, in magariba ta yi 'yar Jalo ce.'" Wallahi, ku gafarce ni, daɗi na ji. Shekara da shekaru ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, ashe Babarbaren shi ma yana fama da nasa. Sai bayan ta tafi ne daɗin ya juye ya zama wani abu mai nauyi. Na tuna gidan da za ta koma, shiru, babu ɗa babu jika, babu mai amsa sunan mijinta. Duk taron jana'izar nan, da masu kallon waya, babu wanda zai iya ba shi abin da ke hannuna. Karon farko a rayuwata ina da abin da Bukar ba shi da shi, kuma ni kaɗai ne zan iya ba shi.

Washegari da hantsi Hajiya ta fito da jaririn a naɗe cikin zane ta ɗora mini a cinya. Nuhu na gefe a durƙushe. Na yi kiran salla a kunnen dama, na yi iƙama a na hagu, na tauna dabino na shafa masa a dasashi. Umaru na kan harshena, ba zan ɓoye muku ba, har na buɗe baki da shi. Sai yaron ya yamutsa fuska ya buɗe ido ɗaya ya yi mini wani kallon raini, irin wanda na sha gani a ƙarƙashin darbejiya. Na sunkuya na ce, "Sunanka Abubakar. Kuma ka sani tun yau, bawana ne kai." Nuhu ya kifa kai yana godiya.

Bisa al'ada sai in mayar wa Hajiya da shi ta kai ciki. Ban mayar ba. Na miƙe da shi a hannu na ratsa tsakar gida, mata 'yan barka suna ta kaucewa suna kallon-kallo, na tsaya a ƙofar ɗakin mai jego. Tana zaune a bakin gado. Da ta gan ni ta yi maza ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, kamar kullum. Na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kira ta, da sunanta. Ba ta amsa ba, sai ta ɗago tana leƙen bayana, tana neman wanda ya yi kiran. Na sake kira. Ta kalle ni, sannan ta ce, "Na'am, Baba," hawaye na sauka har kan mayafin. Na miƙa mata ɗanta na gaya mata sunansa, na fita da sauri kafin nawa idon ya tona mini asiri a gaban mata.

Me ya rage na Bukar bayan shekara goma? Bai bar gida na a zo a gani ba, bai bar ɗa ba, ko littafi bai rubuta ba, na sha yi masa faɗa a kan haka. Ya bar likitoci da malamai da 'yan kasuwa waɗanda in ka tare su a hanya ka ce CH₃COOH, za su ce maka ɗaya, suna murmushi. Ya bar wata malama a Barunde mai saɓa rula a kafaɗa. Ya kuma bar mini darasin da na yi ta rubutawa a allo daidai, ba kuskure, sai da na tsufa sannan ya shiga kunnena: ba abin da ka tara ake ji ba, sai abin da ka saki.

Allah ya jiƙanka Bukar, ya haskaka kabarinka, ya sa duk yaron da ya daina rubuta huɗu ya zame maka sadaka mai gudana. Amma kada ka zaci mun shirya. Zoɓon ka ci, na bar maka. Sunan yaron ma ka ci, sai dai ka tuna da bakina na ba ka, ba ƙwata ka yi ba. 'Yar kuwa tawa ce, aro ka yi, kai ma ka faɗa, ga Falmata nan shaida. Ni na zaɓa mata suna, kuma yau zan rubuta shi a jarida kowa ya gani, Fulani su yi ta salati.

Sunanta Maryam.